Yaron da ya ga tashin hankali: tambayoyin da iyaye ke yi game da firgici da maganinsa

Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe da Tegina a 2021, sai Kuriga a 2024, an kwashi ɗalibai daga makarantunsu kuma duniya ta ji. Waɗanda ba a ji labarinsu ba sun fi yawa: yaran da aka ƙone rumbunan gidansu suna kallo, waɗanda suka kwana a daji cikin ruwan sama, waɗanda faɗan daba ya rutsa da su a unguwa, da waɗanda kullum suke ganin ana dukan mahaifiyarsu a cikin ɗaki. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne domin iyaye, kakanni, malaman makaranta da duk wanda yake riƙon irin waɗannan yara. Ba za su maye gurbin ganin ma'aikacin lafiya ba.

Ɗana ya canza tun ranar da aka kawo mana hari. Ciwo ne, ko zai wuce da kansa?

A makonnin farko, kusan kowane yaro zai nuna wani abu. Zai ƙi barci, zai riƙa firgita, zai manne wa uwarsa ko banɗaki za ta shiga. Wannan ba taɓin hankali ba ne, jiki ne bai gama yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Yawancin yara suna dawowa daidai a hankali idan sun sami wurin kwana mai aminci, abinci, da babba guda ɗaya da ba ya gajiya da su.

Inda ake fara damuwa shi ne idan an wuce wata guda abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, har ya hana yaro karatu, wasa ko cin abinci. A nan ne likitoci ke duba ko ya kamu da ciwon firgicin bayan masifa, wanda suke kira PTSD, ko ciwon damuwa, ko duka biyun. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, babba ko ƙarama. Ma'ana ɗanki ba shi kaɗai ba ne, kuma ba rashin tarbiyya ce ta jawo masa ba.

Waɗanne alamu zan lura da su?

Ya danganta da shekaru. Ƙaramin yaro ba zai ce "ina cikin damuwa" ba. Sai dai a ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wanda ya fara magana ya yi shiru, ko ya riƙa maimaita wasa ɗaya: ya jera duwatsu, ya ɗauki kara ya harbe su, ya sake jerawa, ba dariya ba annashuwa.

Ɗan firamare ya fi kuka da ciwon ciki da ciwon kai, a je asibiti a auna ba a ga komai ba. A aji hankalinsa ba ya wurin. A ƙauyukan Zamfara da Katsina, inda 'yan bindiga ke zuwa a kan babura, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa yaro ya watsar da kwanon tuwo ya shige ƙarƙashin gado, ko da kawunsa ne ya dawo daga kasuwa. Wani warin hayaƙi ne ke tayar masa, wani kuma hasken tocila da dare.

Matasa su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Saurayi ya zama mai saurin fushi, yana neman faɗa, yana maganar ramuwa, ya fara bin masu shan ƙwaya. Budurwa ta kulle kanta a ɗaki ta daina zuwa biki da islamiyya. A gida sai a ce ya lalace, ta yi girman kai, a ɗauko bulala. Duka kuwa ƙara tabbatar wa yaron yake yi cewa babu inda zai tsira, har a gidan ubansa.

Ai ba a taɓa shi ba, gani kawai ya yi.

Gani ya isa. Jin labarin yadda aka kashe uba ko yaya ma ya isa. Haka yaron da yake kwance yana jin ihun mahaifiyarsa ta bayan labule, ko da an ɗauka barci yake yi. Jariri ba zai riƙe labarin ba, amma yana jin bugun zuciyar wadda ta goya shi da rawar muryarta, shi ya sa maganin jariri yake farawa daga kwantar da hankalin uwa.

Ba gara a bar shi ya manta ba? Tayar da maganar ai fama ciwo ne.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin akwai gaskiya a cikinta. Ba a tsare yaro a ce sai ya faɗi abin da ya gani. Ba a tara dangi da maƙwabta a sa yarinyar da ta dawo daga daji ta ba da labari, kowa ya zo jaje a sake sa ta maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da tilasta wa mutum ya zazzage abin da ya faru nan take bayan masifa, saboda ba ya taimakawa, wani lokaci ma ɓarna yake yi.

Amma hana maganar gaba ɗaya shi ma cutarwa ne. Idan yaro ya fara, "Umma, ranar nan da suka zo..." sai aka katse shi da "yi shiru, ya wuce, kar in ƙara ji", bai manta ba. Abin da ya koya shi ne maganar ta fi ƙarfin Umma ma, sai ya ci gaba da ɗaukarta shi kaɗai, da dare ta dawo masa a mafarki. Kuma yara suna cike gurbin abin da ba a bayyana musu ba da zargin kansu. Akwai yaron da zai shekara yana ganin shi ya jawo aka kama babansa, don shi ne ya yi tari lokacin da suke ɓoye. Ba zai taɓa faɗa ba sai an ba shi dama, kuma kalma ɗaya daga bakin babba za ta iya sauke masa wannan kayan.

Abin da ya dace shi ne a bar ƙofa a buɗe. Idan ya kawo maganar, a ajiye aikin hannu a saurara. A ce masa, "Na ji ka. Ka ji tsoro sosai ranar. Ba laifinka ba ne." Idan ya tambaya, a faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa. Kada a ce Baba ya yi tafiya alhali an yi jana'izarsa, domin ranar da ya ji a bakin yaran unguwa, zai rasa uba ya kuma rasa yarda da uwa.

To me ake yi wa yaro a wajen masu wannan magani?

Hanyar da aka fi gwadawa a kan yara ita ce wadda ake kira TF-CBT, wato maganin hira da koyarwa da ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye. Wasu ƙwararru uku a Amurka, Judith Cohen, Anthony Mannarino da Esther Deblinger ne suka tsara ta, don yara daga shekara 3 zuwa 18. Galibi ana zama sau ɗaya a mako, kamar sau 12 zuwa 16, wani lokaci fiye da haka idan abin da yaron ya gani ya yi yawa.

Ba a farawa da labarin. Zaman farko-farko na bayani ne: a nuna wa yaro da mai riƙonsa cewa faɗuwar gaba da mugun mafarki abu ne da ke samun duk wanda ya ga irin wannan. Sannan a koya masa yadda zai kwantar da jikinsa. Misali ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi ta hanci har cikin ya taso, ya sake shi a hankali ta baki. A koya masa ba wa abin da yake ji suna, ya bambance tsoro da fushi da kunya, ya kuma auna ƙarfinsa daga ɗaya zuwa goma. A nuna masa yadda tunani ke jawo ji, ji ke jawo aiki: "na ji babur, na ce sun dawo, gabana ya faɗi, na gudu." Sai a tambaye shi, babur nawa ya wuce jiya, guda nawa ne nasu?

Bayan ya riƙe waɗannan ne ake shiga labarin, kaɗan-kaɗan. Wani zane yake yi, wani yana faɗa ana rubuta masa, wani ya mayar da shi ɗan littafi mai babi-babi. Ana farawa da wanene shi, garinsu, abin da yake so, kafin a kai ga ranar. Kowane mako a sake karantawa a ƙara wani abu, har labarin ya daina girgiza shi kamar da. A nan ne mai maganin ke tsinto tunanin da ya karkace, irin su "da ban yi tari ba", ya taimaka masa ya gyara.

A gefe guda ana zama da uwa ko uba ko kaka su kaɗai. Ana koya musu yabon yaro idan ya yi daidai, da hanyar tsawatarwa ba da duka ba, ana kuma karanta musu labarin tun kafin yaron ya karanta a gabansu, domin su yi kukansu su gama. Ranar da za a haɗa su, yaro ya karanta, uwa ta iya saurara har ƙarshe ta ce, "Sannu ɗana, ka yi ƙoƙari." A ganina wannan zaman ya fi duk sauran daraja. Mai magani awa ɗaya yake ganin yaro a mako, sauran kwanakin duk a hannun mutanen gida yake.

Ita kaɗai ce hanya?

A'a. Akwai wadda masana a jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara musamman don 'yan gudun hijira, aka gwada ta a sansanoni a Yuganda, ta yara ana ce mata KIDNET. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar yaro tun daga haihuwa. Ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin tsoro, a bar sauran igiyar a naɗe don kwanakin da ba su zo ba. Daga nan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta dace da yaron da ba masifa ɗaya ya gani ba, aka kore su daga gari, aka sake korarsu daga inda suka sauka.

Akwai kuma EMDR, inda yaro ke tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido dama da hagu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013, amma masu horo a kanta ba su da yawa a Arewa.

Wannan ba tsarin Turawa ba ne? Zai yi aiki a kan ɗan ƙauye?

An gwada TF-CBT a Zambiya, Kenya da Tanzaniya, da kuma gabashin Kwango a kan 'yan matan da aka ci zarafinsu lokacin yaƙi da samarin da aka taɓa sa su ɗaukar bindiga, kuma alamun ciwon sun ragu ƙwarai. Abin lura shi ne a yawancin wuraren nan ba likitoci ne suka yi aikin ba. Malaman makaranta ne da ma'aikatan unguwa da aka horar ana kuma duba aikinsu. Sharaɗin shi ne a yi da harshen yaro, Hausa ko Kanuri ko Fulfulde, da misalan da ya sani.

Mutane na cewa aljanu ne suka shafe ta a daji. Mu je ruƙiya ko asibiti?

Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Addu'a, karatun Alƙur'ani, azkar kafin barci, ko addu'ar fasto ga iyalan Kirista, duk suna kwantar da zuciyar yaro, kuma mai maganin da ya san aikinsa zai ƙarfafa su. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Kuka ma ba rashin tawakkali ba ne: Annabi Yaƙub ya yi haƙuri mai kyau, duk da haka idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf.

Iyakar ita ce cutarwa. Duk inda za a doki yarinya da sunan fitar da iska, a shaƙa mata hayaƙi har ta suma, a hana ta abinci, ko a sa mata mari, to a ɗauke ta daga wurin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Yaron da ya tsira daga ɗaurin 'yan bindiga bai kamata ya faɗa wani ɗaurin da yardar iyayensa ba.

Ba wata ƙwaya da za a ba shi ya yi barci?

Kada a sayo a kemis. Diazepam da danginsa suna sa barci na ɗan lokaci, amma ba sa warkar da firgici, kuma jiki yana sabawa da su. Matasa da yawa ta nan suka shiga shaye-shaye, daga neman barci zuwa tiramadol da kodin. Ga yara, hira ce magani na farko. Likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai yanke ko ana bukatar ƙwaya, misali idan damuwa ta yi tsanani ko akwai farfaɗiya.

Ni kaina ban warke ba. Ta yaya zan taimaki yaro?

Ki nemi taimako tare da shi, ba bayan shi ba. Yara suna karanta fuskar uwa kafin su yanke ko akwai haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani tsari na manya mai zama biyar kacal, PM+, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa. Ba laifi yaro ya ga hawayenki, idan kin ce masa, "Na tuna Babanku ne, zan daina, ba kai ka sa ni kuka ba."

Iyaye maza su ma abin ya shafe su. Magidancin da aka ƙwace shanunsa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, yanzu yana layin abinci a sansani, sau da yawa fushinsa a kan iyali yake sauka. Malam, idan ka ga hannunka ya yi saurin tashi fiye da da, wannan ma alama ce, kuma tana da magani.

'Yarmu ta dawo daga hannun masu garkuwa, muna zargin an yi mata fyaɗe.

Asibiti tukuna, kuma da sauri. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin kwana biyar. Ko an wuce wannan lokacin a je, akwai sauran abin dubawa. Akwai cibiyoyi na musamman da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu cikin sirri: Waraka a asibitin Murtala na Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato.

Sai kuma abin da ya fi ciwon jikin daɗewa, wato bakin mutane. A Borno an ga yadda aka riƙa ƙyamar matan da suka dawo da 'ya'yan da suka haifa a daji, ana yi musu gori a wajen ɗiban ruwa. Ba za ku iya rufe bakin gari ba, amma za ku iya hana gorin shigowa gida. Kada a tambaye ta me ya sa ba ta gudu ba. Kada a yi gaggawar aurar da ita don a rufe magana. Ta ji daga bakin mahaifinta cewa har yanzu 'yarsa ce, wannan ya fi a ce mata ta yi haƙuri sau ɗari.

Ina za mu je?

Gaskiya masu aikin sun yi kaɗan. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware a kan yara ba su taka kara sun karya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen ƙwaƙwalwa.

Wanda yake nesa ya fara da asibitin da ke kusa ya nemi a tura shi gaba. Wasu ma'aikatan ƙananan asibitoci sun sami horon mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 don koya wa waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa. A sansanonin 'yan gudun hijira, UNICEF, hukumar kula da ƙaura ta IOM da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna da masu ba da shawara da wuraren wasan yara, ba a biyan kuɗi. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta yi suna a Borno wajen kai masu ba da shawara har unguwanni a Keke Napep. Ayyukan ƙungiyoyi suna buɗewa suna rufewa gwargwadon kuɗin da suka samu, don haka a tambayi shugaban sansani ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma wanda ke aiki a yanzu.

Idan kun sami mai magani, ku tambaye shi: an horar da kai a kan yara? Za ka riƙa zama da mu iyaye? Zama nawa za a yi? Wa zai ji abin da yaron ya faɗa?

Ba za a ce ɗana mahaukaci ba ne idan aka gan mu a can?

Wasu za su faɗa. Amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin sirri da kariya daga wulaƙanci. Kuma yawancin yaran nan ba kwantar da su ake yi ba, zuwa suke su koma gida a ranar.

Ni malamin makaranta ne. Me zan iya yi?

Da yawa. Komawa makaranta kanta magani ce, saboda tana dawo wa yaro da tsari: ƙararrawa, tara, tashi. Ka zaunar da shi inda yake ganin ƙofa idan hakan ya fi masa. Ka sanar kafin a yi wani abu mai ƙara. Idan ya daskare yana kallon wuri ɗaya, ka kira sunansa a hankali, ka ce ya faɗi abu biyar da yake gani a ajin, kada ka daka masa tsawa. Ka hana 'yan aji kiransa da sunan abin da ya same shi.

Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Idan yaro ya ce gara ya mutu, ko ya ji wa kansa rauni, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi, ko bai san inda yake ba. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya, wuƙa da igiya, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Har yanzu ana kawo mana hari. Akwai amfanin magani alhali abin bai ƙare ba?

Akwai, sai dai tsarin yana canzawa. Ba za a ce wa yaro "babu abin da zai faru" ba, don ya san ƙarya ne. Ana mayar da hankali ne kan bambance haɗarin gaske da abin da ya yi kama da shi, da kuma shirin da kowa ya sani: idan an ji harbi ta ina za a bi, wa zai ɗauki ƙarami, a ina za a haɗu idan an rabu. A koya wa yaro cikakken sunansa, sunan mahaifinsa da na garinsu, da lambar waya ɗaya da zai haddace. A rage sauraron labarin hare-hare da kallon bidiyon gawarwaki a waya a gabansa. Lokacin cin abinci, salla da barci su tsaya yadda aka saba ko a ina aka kwana. Zurfafa cikin labarin kuwa, mai magani zai iya jinkirta shi har a sami wurin da za a zauna makonni a jere ba tare da an sake gudu ba.